Masu Garkuwa Sun Shiga Kwamfuta

Kalmar "fansa" ta samu sabon gida. A watan Mayun 2017, manhajar WannaCry ta kulle kwamfutoci sama da 200,000 a ƙasashe 150, har da na asibitocin Ingila, tana neman Dala 300 kan kowace. Shagon buga takardu a Gumel, inda kundayen ɗalibai ke jibge cikin na'ura guda, bai fi ƙarfin irinta ba.

Alamarta a fili take: fayiloli su ƙi buɗuwa, sunayensu su sauya, saƙon neman kuɗi ya mamaye allo. Nan take a katse intanet, a zare filashi. Manhajar riga-kafi takan kori ɓarawon, amma ba ta buɗe abin da ya kulle; sai dai kwafin da aka adana a waje, ko shafin No More Ransom, mai raba wasu makullan kyauta tun 2016.