Agapao da fileo: wai da gaske ƙaunar iri biyu ce?

Yau za mu leƙa Yohanna sura 21, inda Yesu ya tambayi Bitrus har sau uku ko yana ƙaunarsa. A Helenanci, tambaya biyun farko da agapao suka zo, ta ukun da fileo. Bitrus kuwa fileo ya riƙe har ƙarshe.

Daga nan ne masu wa'azi da yawa suke cewa agapao ƙaunar Allah ce, fileo kuma ta abota kawai. To, ni dai ban gamsu ba. Ku buɗe Yohanna 3:35 da 5:20, duka maganar ƙaunar Uba ga Ɗan ake yi, amma can agapao, nan fileo. Kai, hatta Dimas da son duniya ya sa ya yashe Bulus a 2 Timoti 4:10, agapao ɗin nan aka rubuta masa.