Gashin kare da kyanwa a gida: Yadda za ku rage shi, ku kare lafiyar yaranku

Matsalar tsaro ta sa gidaje da dama a Abuja da Legas da Jos da Ibadan da Fatakwal sun koma ajiye karnukan gadi, wasu kuma suna riƙe da kyanwa saboda ɓeraye. Idan gidanku na cikin waɗannan, kun san abin da ke biyo baya: gashi a kan kujera, gashi a kafet, gashi a jikin kayan makarantar yara, wani lokaci har a kan darduma. A share da safe, kafin la'asar ya dawo. A wasu gidajen abin bai wuce ƙazanta da ɓacin ran uwargida ba, amma inda ake da yaro mai asma yana iya zama sanadin kwana a asibiti.

Me ya sa gashin ke zuba?

Kowane gashi yana da wa'adinsa. Yakan tsiro, ya tsaya, ya faɗi, wani ya maye gurbinsa. Babu maganin da zai hana wannan, sai dai a rage yawan wanda ke shiga ɗaki.

Yawan zubar ya danganta da irin karen. Karen gida na gargajiya gashinsa gajere ne, ba ya cika wuri. Amma manyan karnukan da ake yayi yanzu, irin su Alseshan na Jamus da Kokeshiyan, gashinsu hawa biyu ne: na sama mai kauri da ke tare ruwa da rana, da na ƙasa mai laushi kamar auduga. Na ƙasan ne ke cika gida. A ƙasashen da suka fito, sukan zubar da shi da yawa sau biyu a shekara, domin jikinsu yana bin tsawon yini da gajartarsa. A Najeriya kuwa tsawon yini ba ya canzawa sosai, don haka zubar takan bazu a duk shekara. Karya kuma takan zubar da gashi fiye da yadda ta saba bayan ta haihu, daga baya ya dawo da kansa.

Ba gashin ne ke sa atishawa ba

Ana yawan cewa shaƙar gashin kyanwa ne ke sa asma. Abin da jikin wasu mutane ba ya so shi ne wasu sinadarai da ke cikin yawun dabbar da maiƙon fatarta da fitsarinta da kuma ɓawon fatar da ke faɗuwa kamar amosani. Kyanwa tana lasar jikinta, yawun ya bushe a kan gashi, gashin ya ɗauke shi zuwa katifa da labule. Ɓawon fatar ya yi ƙanƙantar da ido ba ya ganinsa, yana kuma daɗewa yana yawo a iska. Shi ya sa ɗaki zai iya zama fes a ido amma yaro ya shiga ya fara tari. Shi ya sa kuma bai kamata ku yarda da mai sayar da karen da ya ce muku nasa irin ba ya tayar wa kowa da ciwo ba, domin duk kare yana da yawu da fata.

Ku lura da yaranku. Yawan atishawa, hanci na zuba ba tare da zazzaɓi ba, ido ya yi ja yana ƙaiƙayi, tarin dare, ko numfashi mai ƙara kamar usur, musamman idan alamun suna lafawa in yaro ya je hutu wani gida, duk dalilai ne na ganin likita. Akwai gwajin fata da na jini da ke nuna abin da jikin yaro ba ya so. Idan kuwa numfashi ya sarƙe har yaro ya kasa magana sosai, ko leɓensa ya sauya launi, a garzaya asibiti nan take.

Idan zubar ta zama ciwo

Zubar gashi ta al'ada ba ta barin sanƙo. Fatar takan kasance lafiya lau, gashin kuma yana raguwa daidai a ko'ina. Idan kun ga wani wuri ya gwaguye, fata ta yi ja ko ta yi ɓawo, dabbar tana susa ba dare ba rana, to akwai ciwo. Mafi yawa ƙuma ce ko kaska ko ƙazuwa ko makero. Biyun ƙarshe suna iya kama mutum. Makero yakan fito wa yara a kai ko a hannu kamar zobe, kuma kyanwa na iya ɗauke da shi ba tare da an ga alama a jikinta ba. Danshin garuruwan kudu yana taimaka wa irin waɗannan cututtuka.

A nan ne masu gida da dama ke yin ɓarna. Kada ku shafa wa kare baƙin mai ko kananzir, kada ku fesa masa fiya-fiya ko wani maganin ƙwarin gona. Fata tana tsotse su, dabbar tana lashe su, yara kuma suna taɓa ta. Maganin ƙuma na kare ma bai dace da kyanwa ba, domin wasu suna ɗauke da sinadarin fametirin wanda ke iya kashe ta. Ku nemi likitan dabbobi mai rajista, ko a asibitin dabbobi na jiha, ko a asibitocin koyarwa irin na Jami'ar Ibadan da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya. Idan kun je, ku haɗa da allurar rigakafin haukan kare da maganin tsutsar ciki, wanda aka fi bayarwa duk bayan wata 3.

A tare gashin tun yana jikin dabbar

Gashin da ya fita a buroshi ba zai kwanta a kujera ba. Kare mai gashi hawa biyu yana buƙatar taza sau 3 ko 4 a mako, kullum ma idan zubar ta yi yawa. Minti 10 ya isa. A yi a tsakar gida nesa da taga da kicin, a bi yadda gashin ya kwanta, a tara shi a leda a ɗaure. Akwai matajin ƙarfe mai dogayen haƙora da ke kaiwa ga gashin ƙasa, ana samunsa a shagunan kayan dabbobi. Mai asma kada ya yi wannan aiki, wanda zai yi kuma ya sa takunkumi, ya canza riga kafin ya ɗauki jariri.

Wanka sau ɗaya a wata ya wadatar ga lafiyayyen kare, sai in likita ya ce a ƙara. A yi da sabulun wankan karnuka. Omo da sabulun wanki suna kwashe maiƙon fata, ta bushe, zubar ta ƙaru. A ɗauraye sosai, a bari ya bushe, sannan a taje.

Kada zafi ya sa ku yi wa irin wannan kare ƙwal-kwabo. Gashin yana kare fatarsa daga rana, kuma idan aka aske shi yakan tsiro a hargitse. Inuwa da ruwan sha mai tsabta sun fi masa aski.

Abinci ma yana da hannu. Gashi daga furotin ake gina shi, don haka karen da ba ya samun komai sai ɗumamen tuwo da gari ba zai yi gashi mai ƙwari ba. A haɗa masa da kifi ko nama ko dafaffen ƙwai. A guji ba shi ragowar miya mai albasa da tafarnuwa, domin suna lalata masa jini.

Sharar da ba ta tayar da ƙura

Tsintsiya tana tayar da gashi sama ne, ya sake sauka bayan kun gama. Ku kashe fanka, ku goge tayil ko ledar ɗaki da jiƙaƙƙen tsumma ko mofa. A lokacin hunturu, bushewar iska takan sa gashi ya manne wa tufafi, ga ƙura ta ƙaru, don haka gogewa da ruwa ta fi muhimmanci. Ga kujera da kujerun mota, ku sa safar hannu ta roba, ku ɗan jiƙa ta, ku shafa, gashin zai dunƙule ku kwashe. Salatif da aka naɗa a hannu yana cire na jikin kaftani da hijabi. Tufafi kuwa a kakkaɓe su a waje kafin a jiƙa.

Kafet mai kauri shi ne babban maɓoyar gashi da ɓawon fata. Idan akwai mai asma a gida, cire shi ya fi. Masu injin zuƙar ƙura su yi amfani da shi sau 2 a mako lokacin da yaron ba ya ɗakin. A riƙa wanke ragar na'urar sanyaya ɗaki da fukafukan fanka. Shimfiɗar dabbar a wanke ta duk mako da ruwan zafi, a shanya a rana, a bokitin da ba na kayan yara ba.

Dokar da ta fi kowace tasiri ita ce ta iyaka. Kare ya tsaya a ɗakinsa da tsakar gida. Kyanwa kada ta shiga ɗakin kwana ko kicin, kada ta hau gadon jariri. A naɗe darduma bayan sallah a ajiye a sama. Yara su wanke hannu da sabulu bayan wasa da dabba da kuma kafin cin abinci.

Idan duk an yi wannan amma yaro bai samu sauƙi ba, kuma likita ya tabbatar dabbar ce sanadi, to lafiyar yaro ce gaba. A nema mata wani gida da za a kula da ita, kada a yasar da ita a titi. Ku sani kuma sauƙin ba ya zuwa a rana ɗaya, domin ɓawon fatar kan yi watanni a katifa da labule bayan dabbar ta bar gidan. A wanke labule da zannuwa, a goge bango da kayan ɗaki, yaro kuma ya ci gaba da maganin da likita ya rubuta masa har sai likitan ya ce a daina.