Uwargida, Kin Duba Idon Karen Gidanki?

Gidaje da dama na ajiye karen gadi, amma daga zuba masa ragowar tuwo shi ke nan. Alhali dabbar da aka ɗaure a gida amana ce, kuma karen da ba ya gani ba gadin da zai yi.

Lokacin hunturu ƙura kan shiga idonsa. Za ki ga ido ya yi ja yana hawaye, yana kanne shi ko yana sosawa da ƙafa. Ki tafasa ruwa rabin lita da gishiri ƙaramin cokali 1, in ya huce a goge masa da auduga, kowane ido da tasa.

Amma in kwantsa ta yi kauri, ga tari da ƙin cin abinci, ko ido ya kumbura ya yi hazo, to a kai shi asibitin dabbobi a ranar. Hawan jinin ido na iya makantar da kare cikin kwana 1 ko 2. Kada a ɗiga masa ragowar maganin idonmu, wani yana ƙara ruruta gyambon ido.

Sai kuma yaranmu. Ƙwan tsutsar ciki na fita a kashin kare. Yaro ya yi wasa da ƙasa ya kai hannu baki, tsutsar na iya kaiwa har idonsa. A ba kare maganin tsutsa duk wata 3, a riƙa kwashe kashinsa, yara su wanke hannu da sabulu.

Allah Ya tsare mana zuri'a, amin.