FASHIN BAƘI: Yadda ake renon jagororin yaƙi da sauyin yanayi a ƙasar Sin, da iyakar da aka shata musu

A ranar 22 ga Satumba, 2020, Shugaba Xi Jinping ya shaida wa Babban Taron Majalisar Ɗinkin Duniya cewa hayaƙin kabon da ƙasar Sin ke fitarwa zai daina ƙaruwa kafin shekarar 2030, kuma kafin 2060 abin da take fitarwa ba zai zarce abin da take iya kawarwa ba. Alƙawarin yana da nauyi, domin Sin ita kaɗai ke fitar da kusan kashi 30 cikin 100 na hayaƙin kabon na duniya, kuma tana ƙona fiye da rabin kwal ɗin da ake ƙonawa a doron ƙasa.

Gwamnati ce ta ɗauki alƙawarin, amma cika shi yana hannun dubban masana'antu da hukumomin larduna, waɗanda da yawansu ba su da muradin rage aiki ko riba. Masu sa musu ido daga wajen gwamnati kaɗan ne, galibinsu ma'aikatan ƙungiyoyin sa-kai ne da masu ƙananan kamfanonin da ke kasuwanci don amfanin al'umma. Domin waɗannan mutane kada su gaji su bar fagen ne aka ƙirƙiro shirye-shiryen renon jagorori, inda ake zaɓen mutum a ba shi kuɗi da horo da masu yi masa jagora na tsawon shekaru.

Me ya sa ake tallafa wa mutum maimakon aiki?

Fafutukar muhalli mai zaman kanta ba ta daɗe ba a Sin. Ƙungiyar Friends of Nature, wadda masanin tarihi Liang Congjie ya kafa da abokansa a 1994, tana cikin na farko-farko. Shekaru da dama, ƙa'idar rajista ta tilasta wa kowace ƙungiya ta nemo wata hukumar gwamnati da za ta tsaya mata. Waɗanda suka rasa mai tsaya musu sai suka riƙa yin rajista a matsayin kamfani, ko su yi aiki ba rajista.

Masu ba da tallafi kuwa sun fi son biyan kuɗin aiki, kamar dashen itatuwa ko taron bita, ba tare da albashin mai yin aikin ba. Sakamakon haka matashi mai basira yakan yi 'yan shekaru, idan maganar aure da hayar gida da kula da iyaye ta taso, sai ya koma kamfani. Idan ya tafi, yakan tafi da sanin mutane da sanin hanya, ƙungiyar kuma ta koma farko.

Wannan giɓi ne Gidauniyar Narada, wadda aka kafa a Beijin a 2007, ta yi nufin cikewa da shirin Ginkgo a 2010. Duk wanda aka zaɓa ana ba shi yuwan 100,000 kowace shekara har shekara uku, kimanin dala 15,000 a canjin wancan lokaci. Kuɗin nasa ne, na rayuwarsa da ƙarin iliminsa. Ana kuma haɗa waɗanda aka zaɓa a taron shekara-shekara da ziyarar ƙaro ilimi a ƙasashen waje. Shirin ya haɗa da masu aikin ilimi da lafiya da raya karkara, kuma 'yan muhalli suna cikinsu. A 2015 ya zama gidauniya mai cin gashin kanta.

Kuɗin 'yan kasuwa

Tushe na biyu daga hamada ya fito. A 2004 wasu manyan 'yan kasuwa kimanin 80 suka kafa ƙungiyar SEE a yankin Alxa na Mongoliya ta Gida, inda guguwar rairayi ke tasowa ta lulluɓe Beijin. Kowannensu ya yi alƙawarin ba da yuwan 100,000 a shekara har shekara goma domin yaƙi da kwararowar hamada. Daga baya ƙungiyar ta kafa gidauniya a 2008, ta kuma zama ɗaya daga cikin manyan masu tallafa wa ƙungiyoyin muhalli na cikin gida. Tana da shiri na ba sababbin ƙungiyoyi jarin farawa, da wani na haɗa shugabannin ƙungiyoyi masu tasowa da 'yan kasuwa, su koya musu tsara kasafi, ɗaukar ma'aikata da neman kuɗi.

A ɓangaren kasuwanci don amfanin al'umma, hukumar raya al'adu ta Birtaniya ta fara horar da masu wannan sana'a a Sin daga 2009. Birnin Chengdu ya fito da tsarin tantance irin waɗannan kamfanoni a 2018. Ga mai aikin sauyin yanayi, zama kamfani yana da fa'ida: yana iya sayar da hidima, kamar ƙididdige hayaƙin masana'anta ko sarrafa shara, ya ciyar da kansa ba tare da jiran sadaka ba.

Abin da horon waje ya haifar

Misalin da aka fi kafawa shi ne Ma Jun. Ya yi aiki da jaridar South China Morning Post, ya wallafa littafi kan matsalar ruwa a Sin a 1999, sannan a 2004 ya shiga shirin renon jagorori na Jami'ar Yale a Amurka. Shekara biyu bayan haka ya kafa cibiyar IPE a Beijin.

Dabararsa ita ce tattara bayanan da hukumomin gwamnati da kansu suka fitar kan masana'antun da suka karya dokar muhalli, ya jera su a taswira guda a intanet. Da yake alƙaluman na hukuma ne, da wuya a zarge shi da ƙage. Da su ne cibiyar da abokan aikinta suka matsa wa kamfanin Apple lamba a 2011 kan masana'antun da ke yi masa kayayyaki. Ma Jun ya samu lambar yabo ta Goldman a 2012, kuma a 2014 cibiyar ta fitar da manhajar waya da ke nuna wa jama'a gurɓacewar da ke kusa da su. Yanzu tana auna yadda kamfanoni ke bayyana hayaƙinsu da matakan rage shi.

Ina iyakar take?

Jagoranci a wannan fage yana nufin sanin inda layi yake. A ƙarshen Fabrairun 2015 'yar jarida Chai Jing ta fitar da fim kan gurɓacewar iska. Miliyoyin mutane suka kalla, sabon ministan muhalli ya yaba, amma cikin kusan mako guda aka cire shi daga shafukan intanet na ƙasar.

Tun daga 1 ga Janairu, 2017, dokar ƙungiyoyin waje ta sa kowace ƙungiyar ƙetare yin rajista a hannun hukumar tsaron jama'a, wato 'yan sanda, tare da samun hukumar Sin da za ta kula da ita. Haramun ne ɗan ƙasa ya karɓi kuɗin aiki daga wadda ba ta bi wannan ƙa'ida ba. Wannan ya ƙuntata hanyar tallafin waje, ya ƙara wa gidauniyoyin gida muhimmanci. Su kuwa kuɗinsu na attajirai ne da ke buƙatar zaman lafiya da hukuma, don haka da wuya su rungumi mai yawan tayar da ƙura.

Akwai kuma ƙofar da aka buɗe. Dokar kare muhalli da aka yi wa gyara, wadda ta fara aiki a 2015, ta ba ƙungiyoyin da suka cika sharuɗɗa, ciki har da shekara biyar suna aikin muhalli, damar kai ƙara a madadin jama'a. Sai dai shiga kotu na da haɗari. A 2017 wata kotu a Changzhou ta kori ƙarar da Friends of Nature da wata ƙungiya suka shigar kan gurɓataccen fili kusa da makaranta, ta kuma ɗora musu kuɗin shari'a yuwan miliyan 1.89. Sai a ɗaukaka ƙara aka sauya hukuncin. A 2020 kuma wata kotu a Kunming ta dakatar da ginin madatsar ruwa a lardin Yunnan saboda barazanar da take yi wa mazaunin koren ɗawisu.

Me ya shafi Afirka?

Kamfanonin Sin ne suka gina madatsar Zungeru mai megawat 700 a Jihar Neja da bashin bankin Sin, kuma galibin faifan sola da ke kasuwannin Najeriya daga can suke. A 2021 Shugaba Xi ya ce ƙasarsa ta daina gina sababbin tashoshin kwal a waje. Ƙungiyoyin Sin masu bin sawun kamfanoninsu a ƙetare ba su da yawa. Ɗaya daga cikinsu ita ce cibiyar GEI, wadda ta yi aiki kan cinikin katako da ƙasashe irin su Kamaru. Ma'aikacin da ya san harshe da dokokin Sin yana iya isar da koke inda na ɗan ƙauyen Afirka ba zai kai ba.

Shin shirye-shiryen suna biyan buƙata?

Suna da rauni. Na ƙasashen waje sun fi dacewa da mai jin Ingilishi da ke zaune a Beijin ko Shanghai, alhali ma'adinan kwal suna Shanxi da Mongoliya ta Gida. Ƙungiyoyi da yawa kuma sun ƙware ne a kan gurɓatar kogi da kare namun daji, inda mai laifi a bayyane yake. Sauyin yanayi ya shafi tsarin wutar lantarki da manyan kamfanonin gwamnati, inda bakin ƙungiya ba ya kaiwa da sauƙi.

Duk da haka, abin da aikin ya fi buƙata shi ne juriya. A 2016 Friends of Nature ta kai ƙarar kamfanin rarraba wuta na lardin Gansu, bisa zargin barin wutar iska da ta rana tana salwanta ana ƙona kwal. Sai a 2023 aka kai ga sulhu, inda kamfanin ya amince ya zuba jari domin ɗaukar ƙarin wutar. Shekara bakwai ke nan ana bin shari'a guda, kuma ba ta kai ƙarshe ba sai da aka samu ma'aikatan da suka iya zama a kanta ba su bar aikin ba. Samar da irinsu shi ne dalilin kafa waɗannan shirye-shirye.