Me ke kashe injin bas ɗin hannu a Katsina?

Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, aka kuma saki naira a watan Yuni har dala ta tashi daga kusan naira 460 ta haura 1,500 a 2024, ƙaramar bas 'yar Kwatano ta fi ƙarfin mai ƙaramin jari. Da ma tun Janairun 2017 gwamnati ta hana shigo da motoci ta iyakokin tudu, abin da ya toshe hanyar Maraɗi zuwa Jibiya a hukumance. Sai masu saye suka koma kan motar da ta riga ta sha haya a gida, aka yi mata fenti aka ɗinke kujeru. Shi ya sa mai bin hanyar Kano ba ya rasa ganin Hiace a gefen titi, an ɗage kujerar gaba, tururi na tashi, fasinjoji suna neman inuwa. Ana ɗora laifin a kan tsufa, alhali yawancin injinan nan zafi da sakaci ne suka cinye su.

Injin da ya zo daga Turai ya saba da ruwan sanyaya na musamman mai hana tsatsa. Da ya iso nan, abu na farko da bakanike da yawa ke yi shi ne cire tamostat, wai ƙasarmu ba ta sanyi, sannan a cika lagireto da ruwan rijiya ko na leda. Tamostat ɗin nan shi ke sa inji ya kai zafin aikinsa da wuri ya kuma tsaya a kai. In babu shi, inji yakan daɗe yana aiki da sanyi, fetur na wanke man jikin silinda, ringi na cinyewa. Ruwan rijiya kuwa kanwa da tsatsa yake tarawa har hanyoyin lagireto su toshe. Sai watan Afrilu ya zo, zafin Katsina ya haura digiri 40, an loda mutane da buhuna fiye da ƙima, allura ta hau ja, direba ya ce bari dai ya ƙarasa Kankiya. A nan gaskit ke ƙonewa, kan silinda ya lanƙwashe. Za a goge shi a mayar, motar ta tashi, amma injin da ya taɓa dahuwa ba ya komawa daidai. Ƙara da direban da balas ya sha wa kai tun da fetur ya yi tsada: juye ake fara ɗagewa, a zuba baƙin mai na awo, matatar iska kuma a kakkaɓe ƙurar hunturu a mayar. Wanda ya san injinsa ya kusa bugawa ne ke fara neman dillali.

Masu cewa a sayi Toyota a huta suna da 'yar gaskiya. Injinan Hiace irin 2RZ da 2TR suna da juriya, kayansu na samuwa a Ƙofar Ruwa ta Kano, kuma kowane gareji ya san cikinsu, abin da mai Sharan ko Galaxy ba koyaushe yake samu ba. Gurɓataccen fetur ma yana ɓarna, kamar mai ɗauke da metanol da aka shigo da shi a farkon 2022. To amma sunan kamfani ba ya gyara kan silindar da ya lanƙwashe, kuma shaharar Toyota ce ke sa a biya kuɗin lafiyayya a kan wadda ta gaji.

Abin haushin shi ne gano injin da ya gaji ba ya buƙatar na'ura. Mai saye ya je da nasa bakanike, ba na dillali ba, kuma da sassafe kafin a ɗumama injin, don inji mai ɗumi da mai mai kauri kan ɓoye ƙara. Shuɗin hayaƙi na nufin inji na shan mai. Farin hayaƙin da ba ya yankewa, ko kumfa a lagireto, ko dauɗa mai kama da madara a murfin mai, na nufin ruwa ya samu hanya. Wanda ya tsallake wannan zai sayi wani injin bayan motar, shi ma da farashin dala. A hanyoyi irin na Jibiya da Dutsin-Ma zuwa Ƙanƙara, inda 'yan bindiga suka sha tare matafiya, motar da ta mutu bayan la'asar ba asarar mai ita kaɗai ba ce.