Zuwa Aiki Kan Babur A Kontagora: Yadda Ake Zaɓar Kayan Kariya Masu Amfani

A garin Kontagora da ke Jihar Neja, babur ne abin hawan ɗimbin masu fita neman halal kullum safiya, tun daga malaman makaranta da ma'aikatan Babban Asibiti da na sakatariyar ƙaramar hukuma, har zuwa ɗalibai da 'yan kasuwa. Garin na kan babbar hanyar tarayya da ta taso daga Legas ta ratsa Jebba da Mokwa ta nufi Yawuri da Sakkwato, ga kuma hanyar da ta yi Tegina zuwa Minna. Saboda haka mai ƙaramin babur yakan haɗa titi da tirela da tankar mai kafin ya isa wurin aikinsa.

Direban mota yana da ƙarfe da gilashi da bel a tsakaninsa da titi. Mai babur kuwa abin da ke jikinsa shi ne zai fara haɗuwa da kwalta. Tun da albashi ba ya isa a sayi komai a wata ɗaya, abin da ya fi muhimmanci shi ne sanin abin da za a fara saye, da yadda za a bambance na gaskiya da na jabu, da kuma zaɓar wanda za a iya sawa kullum a irin zafin Kontagora.

Abin da faɗuwa ke yi wa jiki

Mai tafiyar kilomita 40 a sa'a, idan ya yi karo da abin da ba ya motsi, bugun da zai sha daidai yake da na wanda ya faɗo daga tsayin mita 6, wato kusan rufin gidan bene mai hawa ɗaya. Idan gudun ya ninka zuwa kilomita 80, ƙarfin bugun ninkawa yake yi sau huɗu.

Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na shekarar 2023 ya nuna cewa kimanin mutum miliyan 1.19 ne ke rasa rayukansu duk shekara a haɗurran hanya, kuma su ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29. A tsakanin masu babur, raunin kai ne ya fi kisa da nakasawa. Wani nazari da cibiyar Cochrane ta wallafa a 2008, wanda ya tattara sakamakon bincike masu yawa, ya gano cewa hular kwano na rage haɗarin mutuwa da kusan kashi 42 cikin 100, tana kuma rage haɗarin raunin kai da kusan kashi 69.

Ga mazaunin Kontagora akwai ƙarin dalili. Karaya tana ɗoruwa, fatar da ta saluɓe tana warkewa, amma raunin ƙwaƙwalwa mai tsanani yana buƙatar likitocin tiyata na musamman, irin waɗanda ke Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Tafiya ce ta sa'o'i da dama, alhali jinin da ke taruwa a cikin kai ba ya jira.

Abin da doka ta tanada

Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC, wadda aka kafa a 1988, ta fara tilasta sanya hular kwano a faɗin ƙasar nan tun ranar 1 ga Janairun 2009, kuma Ƙa'idojin Zirga-zirgar Ababen Hawa na 2012 sun wajabta ta a kan matuƙi da wanda ya goya. A farkon tilastawar an ba da rahoton masu babura da suka riƙa kifa ƙwarya ko tukunya a ka domin su wuce jami'ai. Ragowar wannan ɗabi'a tana nan a wata siga: hular da aka rataye a kan babur har sai an hango shinge, ko wadda aka ɗora a ka ba a ɗaure ba. Irin wannan hula na iya kare aljihu daga tara, amma ba ta kare kai daga dutse.

Yadda ake gane hular gaskiya

Hular kwano ta gaskiya sassa huɗu gare ta: ɓawo mai tauri a waje, farin soso mai ƙarfi a ƙarƙashinsa, laushin yadi da ke taɓa fata, da igiyar haɓa. Farin soson nan shi ne ran hular. Lokacin karo yana murƙushewa, ya shanye bugun, ya hana ƙwaƙwalwa dukan ƙashin kai da ƙarfi. Kaurinsa yakan kai santimita 2 ko fiye, kuma ba ya lotsawa da sauƙi idan aka danna shi da babban yatsa. Hular da ba ta da komai a ciki sai siririn soson katifa ado ce kawai. Haka nan hular magina: an yi ta ne domin tare abin da ke faɗowa daga sama, ba ta rufe gefen kai da ƙeya, kuma tana tashi kafin mai ita ya kai ƙasa.

Mai saye zai iya duba shaidar inganci. Hular da ta cika ƙa'ida ta 22 ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wadda aka fi sani da ECE, tana da ɗan ƙyalle ɗinke a jikin igiyar haɓa, mai ɗauke da harafin E da lamba a cikin da'ira, sai wata doguwar lamba da ke farawa da 05 ko 06. Harafin P a jikin lambar na nufin an gwada kariyar haɓa, harafin J kuwa na nufin hular buɗaɗɗiyar fuska ce. Wadda aka yi bisa ƙa'idar Amurka tana da tambarin DOT a ƙeya. A Najeriya, Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki, SON, ita ke da alhakin tantance kayan da ake shigowa da su. Sai dai manna takarda ba shi da wuya ga masu jabu, don haka a haɗa da hannu da ido. Hula mai rufe fuska yawanci tana kai kilo ɗaya da rabi ko kusa da haka. Wadda ta yi sakayau kamar kwanon roba abin zargi ce. A ja igiyar da ƙarfi a ga ko an kafe ta da ƙarfe a jikin ɓawon. Hausawa sun ce araha ba ta ado.

Wadda ta rufe haɓa ta fi kariya, domin mutum yakan faɗi ta fuska. Amma buɗaɗɗiya mai inganci da ake sawa kullum ta fi rufaffiya da aka ajiye a gida saboda zafi.

Hular gwanjo kuwa tana da haɗari ɓoyayye. Soson ciki sau ɗaya yake aiki, kuma wanda ya taɓa shan bugu zai iya zama murƙushe alhali ɓawon yana sheƙi. Shi ya sa ake sauya duk hular da aka yi haɗari da ita, kuma masu ƙerawa kan ba da shawarar sauyawa bayan kimanin shekara 5 ana amfani da ita. A nisanta ta da fetur, domin yana narkar da soson.

Girma da ɗauri

Ana auna kai da tef ɗin tela, a zagaya ta saman gira da kunnuwa. A wurin yawancin kamfanoni, santimita 57 zuwa 58 shi ne M, 59 zuwa 60 kuma L. Hular da ta dace tana kama kumatu ba tare da ciwo ba, kuma idan aka girgiza kai tana tafiya tare da shi. Bayan an ɗaure igiya, abin da zai shiga tsakaninta da haɓa kada ya wuce yatsu biyu. Gwaji na ƙarshe shi ne a kama hular ta ƙeya a tura ta gaba. Idan ta fita, ba ta dace ba.

Sanya hular kwano a kan ƙube ko zanna yana ɓata zamanta, don haka wurin hular gida shi ne jaka, har a isa ofis. Mace mai tuƙi ko mai hawa kullum ta gwada hular da irin siririn ɗankwali ko hijabin da za ta riƙa sawa a ƙarƙashi, ta cire allurar ɗauri da duk wani abu mai tsini daga kanta.

Bazara, hunturu da damina

A watannin Maris da Afrilu zafin Kontagora kan kusanci digiri 40, kuma a lokacin ne mutane suka fi ajiye hula. Maganin haka shi ne zaɓar mai kafofin iska a goshi da ƙeya, mai farin launi ko wani launi mai haske, wadda ake iya cire yadin cikinta a wanke.

Da hunturu, ƙura da ƙwari ne ke addabar ido. Gilashin hula ya zama garai, domin mai duhu yana rage gani da asuba da bayan magariba. Goge ƙura a bushe yana karce shi, kuma karcen yana watsa hasken fitilun motoci da dare. A fara jiƙa shi da ruwa kafin a share da yadi mai laushi.

Da damina, rigar ruwa mai riga da wando ta fi doguwar nan mai faɗi, wadda iska ke cikawa kuma bakinta ke iya shiga taya. Ruwan farko bayan rani yana taso da man da ya zuba a kan kwalta, titi ya yi santsi, don haka ranar ce ta fi buƙatar sassauta gudu.

Hannu da ƙafa

Duk wanda ya faɗi, hannu yake fara kaiwa ƙasa, kuma da hannun nan malami ke riƙe alli, ma'aikaciyar jinya ke yin allura. Safar hannu ta fata, mai rufe yatsu duka, mai kauri a tafi da maɗauri a wuyan hannu, ita ce sayayya ta biyu bayan hula. Wadda ba ta da maɗauri tana zarewa da gogar farko. Kontagora ba ta rasa masu aikin fata da za su iya ƙara kauri a tafin safar da aka saya.

Silifas da takalmin soso su ne mafi munin abin tuƙa babur: suna zamewa daga birki da giya, suna barin yatsu da diddige a fili, ba sa kuma tare zafin salansa. Abin da ake nema shi ne takalmi sau-ciki mai rufe idon sawu, mai tafin roba da ba ya santsi. Idan mai igiya ne, a cusa igiyar ciki don kada ta sarƙe da giya. Ma'aikacin da ofis ya tsara masa irin takalmin da zai sa zai iya ajiye shi a wurin aiki ya sauya idan ya isa.

Tufafi

Shadda da yadi mara kauri ba sa jimre gogayya da kwalta, siririn nailan kuma yana iya narkewa ya manne da fata. Akwai rigunan babur masu raga da iska ke ratsawa, masu matashi a kafaɗa da gwiwar hannu da baya. Alamar CE da lambar EN 1621 a jikin matashin na nuna an gwada shi. Wanda bai samu hali ba, riga mai kauri mai dogon hannu da wandon jins sun fi komai babu.

Babbar riga da dogon hijabi da zane da mayafi suna da haɗari na daban. Idan baki ya shiga sarƙa ko wayoyin tayar baya, fizgar takan jefar da mutum ƙasa ko ta shaƙe wuya, ko da babur ɗin bai yi karo da komai ba. A tattare tufafin a zauna a kai kafin a tashi, a kuma tabbatar murfin sarƙa yana nan. Kayan aiki masu tauri ko tsini su tafi a akwatin baya ko a ɗaure a kan kariya, kada su kasance a aljihu.

Direba ya ga mai babur

Haɗurra da yawa na faruwa ne a mararraba, inda direba bai lura da babur ba. Wani bincike da aka yi a birnin Auckland na ƙasar New Zealand, aka wallafa a 2004, ya nuna cewa masu sanye da tufafi masu ƙyalli ko ɗaukar haske sun samu ragin haɗari da kashi 37 cikin 100, masu farar hula kuma da kashi 24 idan aka kwatanta da masu baƙa. 'Yar riga mai ɗaukar haske, irin ta ma'aikatan hanya, tana cikin mafi arahar kayan kariya, kuma tana da amfani ƙwarai ga mai dawowa bayan magariba ko mai fita cikin hazon hunturu. Fitilar gaba da ta baya su kasance suna aiki.

Wanda aka goya

Magidanta da yawa kan sauke yara a makaranta ko uwargida a kasuwa kafin su wuce aiki. Hular babba ba ta kare yaro, domin tana fita. Shi ma a nema masa daidai kansa. Mai hawan acaɓa kullum, wanda ke ƙyamar hular da kowa ke sawa, zai iya mallakar tasa ya riƙa fita da ita.

Iyakar kariya

Gwajin bugu da ake yi wa hula a ƙa'idar ECE bai kai gudun kilomita 30 a sa'a ba. Ma'ana, hula mafi tsada ma ba za ta ceci wanda ya shiga ƙarƙashin tirela a guje ba. Kayan kariya suna aiki ne tare da birki mai kyau, taya mai ƙwari, da matsakaicin gudu.

Idan haɗari ya auku, kada a fizge hular wanda ya faɗi ko a ɗaga shi da garaje, domin wuyansa na iya samun rauni, sai fa in numfashinsa ya toshe. Lambar gaggawa ta FRSC ita ce 122. Amai, ruɗewa, yawan barci, ko jini daga kunne ko hanci bayan bugun kai alamu ne da ke buƙatar asibiti nan take, ko da mutum ya tashi da ƙafarsa.

Ga mai ƙaramin ƙarfi, tsarin saye a bayyane yake: hula mai inganci a watan farko, safar hannu da takalmi a na biyu, 'yar riga mai ɗaukar haske da zarar an samu sarari, sannan rigar kariya da rigar ruwa kafin damina ta sauka. Akan ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa, amma girman raunin da zai bari yana da alaƙa da abin da mai babur ya sa a jikinsa kafin ya bar gida.