Itacen da aka bari ya tsira a gona, maganin bisashe ne a bazara

A aikina na zagayen garke, tambayar da na fi samu daga watan Afrilu zuwa Yuni ita ce: wace allura za a yi wa saniyar da ta kwanta ta kasa tashi? Sau da yawa idan na duba ba na samun zazzaɓi, ba tari, ba zawo. Yunwa ce ta cinye ta a hankali tun daga watan Fabrairu. Allura ba ta maganin wannan. Abin da ke hana shi yana tsaye cikin gonaki da bakin burtali: gawo, kalgo, aduwa, magarya da ƴan uwansu. Shi ya sa yau zan yi magana a kan itatuwa, ko da yake shafin nan na lafiyar bisashe ne.

Abin da ke faruwa cikin tumbi

Saniya, tunkiya, akuya da raƙumi ba su narkar da ciyawa da kansu. Cikin tumbinsu akwai ƙananan halittu da ido ba ya gani, su ke farfasa kara da busasshiyar ciyawa har jiki ya amfana. Waɗannan halittu suna bukatar sinadarin gina jiki kafin su yi aiki. Idan abin da dabba ke ci bai kai kusan kashi 7 cikin ɗari na wannan sinadari ba, aikinsu yana raguwa. Karan hatsi da ciyawar da ta sha rana wata biyar ba su wuce kashi 3 zuwa 4. Dabba sai ta cika ciki, abincin ya daɗe bai narke ba, ta rage ci, ta rame alhali kara na gabanta.

Ƴaƴan gawo suna da sama da kashi 10, ɗanyen ganyensa ma ya fi haka. Ba sai dabba ta ƙoshi da su ba. Ɗan abin da ta samu kowace rana yana tayar da halittun tumbi, sai karan da ba ya amfani jiya ya zama abinci yau.

Ɗanyen ganye yana kuma ba da sinadarin da ke kare ido da fata. Rashinsa ne ke kawo dundumi, ka ga tunkiya tana karo da garka da magariba. Yana kawo ɓari da haihuwar ƴaƴa marasa ƙarfi. Dabbar da ta rasa gishirin da jikinta ke nema kuwa, ita ce ke bin bola tana cin leda, tsumma da ƙashin mushe. Leda tana cushe tumbi, ƙashin mushe yana iya kawo ciwon da ke shanye jiki ya kashe. Ko rigakafin da ake yi kowace shekara na ciwon huhun shanu da annobar tumaki da awaki ya fi kama jikin dabbar da ba ta galabaita ba.

Yadda itatuwa suka dawo

Dattawa sun san yadda gonakin Maradi suka zama fili fetal bayan farin 1973 da na 1984. Iska tana binne shuka, mata suna yin tafiyar yini neman itacen wuta. An kashe kuɗi masu yawa wajen dashen itatuwa, mafi yawa suka mutu. A 1983 wani ma'aikacin noma ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, da ke aiki a jihar Maradi, ya lura cewa ƴan tsirran da ake sassabewa kowace shekara tofon tsofaffin kututture ne masu saiwa da rai a ƙasa. Idan aka zaɓi ƙarfafan rassa kaɗan aka cire sauran, itace yana tashi da sauri fiye da na dashe, ba ban ruwa, ba sayen iri. Wannan shi ne sassaben zamani.

Manoma ne suka yaɗa shi, maƙwabci yana gani wurin maƙwabci. Bayan shekara ashirin, masu bincike irin su Chris Reij da Gray Tappan suka gwada hotunan sama na da da na yanzu, suka ƙiyasta kusan hekta miliyan 5 da itatuwa kusan miliyan 200 a kudancin Nijar, galibi a jihohin Maradi da Damagaram. Wanda ya bi ta Magariya, Matamai da Mirya ya ga gawo jere cikin gonaki. A Damagaram kare gawo tsohon abu ne: har yau ana ba da labarin hukunci mai tsanani da Sarki Tanimun ya sa a kan mai saran sa. A 2018 aka ba Rinaudo da Yacouba Sawadogo na Burkina Faso wata babbar lambar yabo ta duniya a Suwidin saboda irin wannan aiki.

Gawo yana da halin da ya sa ya dace da manomi da makiyayi gaba ɗaya. Yana zubar da ganye da damana, don haka ba ya tare wa hatsi rana, ganyen da ya zuba kuma taki ne. Da kaka sai ya sake tofo, ya yi fure, ƴaƴansa su nuna cikin rani, daidai lokacin da ciyawa ta mutu. Bisashe suna hutawa a inuwarsa su bar kashi da fitsari. Irin da ya bi ta cikin dabba ya fi saurin tsira. Garke ne ke shuka gawon gobe.

Inda rigima take

Zan faɗi gaskiya kamar yadda nake ji daga ɓangarorin biyu. Manomi yana cewa: na yi shekara uku ina rainon itace, dare ɗaya an zo an sare shi an ba raƙuma. Makiyayi yana cewa: an cinye burtali, an kwashe kara da ciyawa an kai kasuwa, yanzu itacen ma an ce yana da mai shi, to ina zan sa kaina? Duka biyun suna da hujja. Da itace ya samu daraja, sai ya samu mai gadi, kuma wanda ba shi da gona shi ke fara shan wahala.

Doka ta taɓa wannan. Tsarin dokokin karkara na 1993 shi ya kafa hukumomin kula da filaye tun daga gari har zuwa sama. Dokar kiwo ta 2010 ta amince cewa yawon kiwo haƙƙi ne na makiyayi, ta kare burtali da makiyaya, ta kuma tanadi cewa hukuma ce ke sa ranar sakin gonaki bayan girbi. A 2020 gwamnati ta fitar da wata doka da ta tabbatar wa manomi amfanin itacen da ya raina a gonarsa. Amma takarda ba ta kwana a gona. Abin da na ga yana aiki shi ne yarjejeniyar da mutanen wuri suka zauna suka yi da bakinsu. Garin Ɗan Saga a yankin Agye ya yi suna a kan haka: kwamitin da ke lura da itatuwa ya haɗa maza da mata, an kuma sa makiyaya a ciki. Wanda aka zauna da shi aka yi doka, da wuya ya karya ta.

Abin da makiyayi zai yi

Na farko, kakkaɓa ta fi sara. Gora mai ƙugiya tana sauko da ƴaƴan gawo da suka nuna ba tare da an taɓa reshe ba. Gawon da aka yi wa aski ƙwal yana ɗaukar shekaru kafin ya sake ba da ƴaƴa sosai, ganyen yini ɗaya ya hana ka buhunan baɗi.

Na biyu, idan sara ya zama dole, a nemi izinin mai gona. A ɗauki ƙananan rassa na gefe, kada a wuce kashi ɗaya cikin uku na itacen, kada a taɓa kansa. A yi amfani da gatari mai kaifi don kada reshe ya tsage ya ɓare ɓawo. Itacen da aka sara bana a bar shi ya huta.

Na uku, a kauce wa ƙananan itatuwa da aka gyara ko aka ɗaura musu ƙyalle. Akuya da raƙumi suna cin kan tsiro, itacen ya tsaya cak. Yaran da ke bin garke su ya kamata a fara koya wa wannan.

Na huɗu, a ba da ƴaƴan itace kaɗan kaɗan tare da kara, da gishiri ko kanwa, da isasshen ruwa. A fara da masu ciki, masu shayarwa da shanun noma. Ƴaƴan bagaruwa suna da ɗaci mai ɗaure ciki, yawansu yana cutarwa. Duk abin da ya yi fumfuna a zubar.

Abin da ƙungiya za ta yi

Bankin abincin bisashe bai kamata ya tsaya ga dusa da angurya da ake jira daga nesa ba. Ƙungiya tana iya sayen ƴaƴan gawo da na kalgo lokacin da suke da araha, a shanya su sosai, a ajiye bisa katako nesa da danshi, a fitar a bazara. Ƴaƴan kalgo suna da tauri, idan aka daka su bisashe sun fi amfana. Mata da yara ne suka fi tsintar su, kuɗin yana zama cikin gari.

Kafin ranar sakin gonaki, ƙungiya ta nemi zama da mai gari, ardo, wakilin hukumar filaye da ma'aikacin gandun daji. A fayyace abu uku: wane itace ake iya sara, ta yaya, kuma me mai gona zai samu. Tsohuwar al'adarmu ta zaman garke a gona, taki a madadin kara da hatsi, tana iya ɗaukar itace a ciki. A rubuta, a karanta da Hausa, Fulfulde da Tamajak, a sanar a gidan rediyon gari domin baƙin makiyaya su ji.

Burtali da makiyaya ma suna bukatar sassaben zamani. Inda garmani ya mamaye ya kori ciyawa, a yi gayya a tuge shi kafin ya zuba iri, a watsa irin ciyawa, a raina kututturen da ke wurin. Wannan itacen na kowa ne, makiyayi ba ya bukatar roƙon kowa a kansa.

Ana yawan maganar canjin yanayi a manyan tarurruka. A wurinmu ma'anarsa damana mai makara, zafi mai tsanani da bazara mai tsawo. Ba mu da ikon sa ruwa ya sauka, amma muna da iko a kan gatarin da ke hannunmu. Shawarata ga kowace ƙungiya ita ce a sa maganar itatuwa cikin taron farko bayan girbi, tun kara yana nan kuma zukata suna kwance. Wanda ya jira sai saniya ta kwanta ya makara. Allah ya ba mu damana mai albarka, ya ƙara wa garke lafiya.